Ranar da Elwood Ya Kama Sanata

Ƙanena Elwood ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar raba madara, kuma a tsawon shekarun nan abu ɗaya ya taɓa kamawa a rafi, wato mura. Amma ranar da ya ajiye aiki ya dawo zama a gidana da akwati biyu, tun daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya Orpha, bana ni zan kama Alƙali."

Na ce, "Goge ƙafarka."

Alƙali wani tsohon kifin turawut ne da ke kwance a ƙarƙashin gadar garinmu. An sa masa sunan ne don duk abin da aka jefa masa sai ya taso a hankali, ya duba, ya yi watsi da ƙarar, ya koma. Masunta sun zo masa daga ko'ina a Pennsylvania sun koma da kunya.

Laifinsu ne kuwa. Mai hankali haƙa tana yake yi, ya soka a ƙugiya, ya kawo abin suya gida. Mazan garinmu sun fi ƙarfin wannan. Gashin wuyan zakara suke naɗewa a ƙugiya da zare, har ya yi kama da ƙwaron nan mai fukafukai a tsaye da ke fitowa daga ruwa a ƙarshen watan Mayu. Suna kiransa busasshen ƙuda, don dole ya zauna a saman ruwa bai jiƙe ba. In kifi ya ruɗu ya cafka, sai su jawo shi, su yi ta kallonsa suna yaba ɗigon jikinsa, su sake shi. Magidanta da furfura! Shugaban ƙungiyarsu, Harlan Stover, tsohon malamin makaranta, har allo ya kafa a gindin gada da rubutun hannunsa: DUK ABIN DA AKA KAMA DA ƘUDA TSAKANIN GADA DA INJIN NIƘA, A CIRE MASA ƘUGIYA A HANKALI, A MAYAR DA SHI INDA YA FITO DA RANSA. BA MAI TAFIYA DA SHI GIDA. Ni daga aji huɗu na bar makaranta, karatuna a hankali nake yi, shi ya sa ba na tsallake kalma. Duk ranar da na bi ta gadar sai na karanta allon, na yi tsaki, na wuce.

Harlan ɗin nan sau uku yana zuwa neman zakarana. Sanata ke nan, wake-wake, gashin wuyansa dogaye masu layin baƙi da fari. Marigayi mijina Amos ne ya raɗa masa sunan, don ba ya komai sai ci da ɗaga murya. Shi kaɗai ya rage a irin kajin da Amos ya kawo daga gonar ubansa.

A zuwa na uku Harlan ya cire hula ya ce, "Uwargida, wuyan kawai nake so."

Na ce, "Sauran jikin fa, ya yi ta yawo haka nan?"

Bai sake zuwa ba.

Elwood ya fara da mamaye mini teburin kicin. Zare, almakashi, gam, tabarau biyu ɗaya a kan ɗaya. Ƙudansa na farko ya kai girman ɗan tsako. Ya ɗaga shi yana cewa, "Yaya, dubi fasaha. Harlan shekara arba'in yana yi bai kai nan ba." Kafin ya rufe baki kyanwa ta yi tsalle ta fizge shi ta shige ƙarƙashin gado.

Ya ce, "Kin gani? Har dabbar tudu ta ruɗu."

Ranar Lahadi na ɗauko hular da nake zuwa coci da ita, wadda ke da gashin tsuntsu uku a gefe. Na tarar da ɗaya, shi ma an yi masa aski. Haka na sa ta, don ba ni da wata. Maƙwabciyata Verna Hosterman ta leƙo daga bencin baya ta ce, "Orpha, hularki ce ke ciwo?"

Da na dawo na tsare Elwood. Ya ce ai sadaukarwa ce, in ya kama Alƙali za a buga sunan gidanmu a jarida. Na ce in ya ƙara taɓa mini kaya za a buga nasa a shafin rasuwa.

Sai ya koma kan Sanata. Ban ga yadda aka yi ba, ƙara dai na ji daga akurki kamar ana rushe shi. Elwood ya fito da gashi huɗu a hannu, da tsaga biyu a kumatu, rigarsa ba aljihu.

Ya ce, "Mun daidaita."

Koyon jifa kuwa a bayan gida ya yi shi. Ita wannan fatsa ba a jefa ta kai tsaye, sai an yi ta kaɗa igiyar a sama, baya da gaba, baya da gaba, sannan a sake ta. Elwood bai taɓa waiwayawa ya ga abin da ke bayansa ba, a jifa ko a rayuwa. Ranar Talata ya kamo reshen tuffa. Ranar Laraba ya kamo ɗan kamfan Verna daga igiyar shanyarta, ya tsallako da shi katanga, ya sauke shi a kan wakena. Ranar Alhamis ya kamo kunnensa.

Verna ce ta cire masa, don ta yi aikin jinya a da. Ta zaunar da shi a kan bokiti ta ce, "Kai gwani, ba a gaya maka ana danne ɗan haƙorin ƙugiyar da filaya ba? Don ta fita da sauƙi a bakin kifi."

"Na sani mana. Gwaji nake yi in ga ƙarfin riƙonta."

"To ta riƙe. Kada ka motsa."

Ihun da ya yi sai da Sanata ya amsa. Tun daga ranar dai ya danne haƙoran ƙugiyoyinsa duka, kuma wannan ne kaɗai abin hankalin da ya yi a watan.

Verna ce kuma ta kawo mini labarin shagon aski. Ta shigo ba ko ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Orpha, zauna."

"Ina aiki."

"To tsaya. Ƙaninki ya yi caca da zakaranki."

A gaban maza tara, kansa rabi a aske, Elwood ya ce ranar Asabar zai kama Alƙali da ƙudan da ya ɗaura da hannunsa, kafin fitilar gada ta kama. Harlan ya yi dariya. Elwood ya ce a sa wani abu. Harlan ya sa sandar fatsarsa ta gora, wadda ya gada. Elwood ya duba sama da ƙasa bai ga abin da ya mallaka ba, sai ya sa Sanata. Suka tafa.

Ban cire rigar girki ba na nufi gidan Fasto Auman, na sa aka kira su biyun. Na ce, "Fasto, na farko caca zunubi ce. Na biyu zakaran ba nasa ba ne."

Fasto ya yi gyaran murya. Shi ma ɗan ƙungiyar ne, akwai ƙuda uku a maƙale a hularsa. Ya ce na farkon za a duba shi a wa'azi.

Elwood ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Ranar da na dawo me kika ce mini a gaban Verna?"

Na kawar da kai.

"Ba cewa kika yi, daga yau zakaran nan naka ne ba?"

"Cewa na yi naka ne, ka ba shi hatsi, ka share masa kashi!"

Fasto ya ce, "Amma kin ce nasa ne, 'yar'uwa Orpha?"

Shekarata saba'in da huɗu ban taɓa janye maganar da ta fita daga bakina ba, kuma ba zan fara a falon Fasto ba. Na ce, "Na faɗa."

Harlan ya dubi silin yana murmushi. Na san abin da yake gani: wuyan Sanata a shanye a kan katako.

A hanyar gida Elwood ya ce, "Kwantar da hankalinki. Zakara na nan, ga sandar gora ta ƙaru. Ni fa kifin nan na karance shi."

Na ce, "Kai da ko takardar magani ba ka karantawa."

Ranar Asabar da yamma rabin gari ya hau gada. Mata sun zo da kujerun naɗewa da kek, kamar ranar bikin coci. Ƙwarin sun fara tasowa daga ruwa, manya, masu launin ganye-ganye, suna ta shawagi, tsattsewa na binsu. Can a gindin ginshiƙi na biyu kuwa, jefi-jefi, sai ka ga ruwa ya yi zobe. Alƙali na cin abincin yamma.

An kawo Sanata a keji an ajiye a kan ciyawa a bayan wurin jifa, don kowa ya ga abin da aka sa. Elwood da kansa ya ɗaure ƙofar kejin da igiyar fatsa. Ya ce wa jama'a, "Wannan ƙulli ni na ƙirƙiro shi. Ko bijimi ba ya kwance shi." Na kafa kujerata kusa da kejin, na ɗora jakata a cinya.

Elwood ya fito cikin wandon roba mai kaiwa ƙirji, na aro, wanda zai ɗauki irinsa biyu. Ya buɗe gwangwani ya shafa wa ƙudan wani abu don kada ya jiƙe.

Harlan ya shinshina ya ce, "Elwood, mene ne wannan?"

"Sirri."

Ni na san sirrin, don tun safe nake neman kitsen da na soya masara da shi.

Ya shiga ruwa yana taku kamar mai shiga fada. Mai aski ya yi kira daga kan gada, "Elwood, a hankali, akwai rami a hagunka!"

"Rafin nan tun ina yaro na san..."

Sauran maganar a ƙarƙashin ruwa ya ƙarasa ta. Da ya taso, wandon ya cika ya kumbura, hularsa ta kama hanyar injin niƙa.

Verna ta ce, "Ƙudan dai ya bushe?"

Ya ɗaga sandar sama. "Bai taɓa ruwa ba!"

"To madalla, shi ne mai muhimmanci."

Jifa na farko ya faɗa ruwa kamar an yar da guga. Zoben Alƙali ya ɗauke na minti goma. Na biyu ya naɗe a ƙarfen gada, sai da matar Fasto ta kwance masa. Na uku ya tafi da kyau, ban san yadda aka yi ba. Ƙudan na sama yana saukowa, sai wata tsattsewa ta zo a guje ta cafke shi.

Elwood ya yi ihu, "Na kama! Na kama!"

Tsuntsuwar ta yi ta zagaya kansa da igiya, shi yana bin ta yana juyi, har ya naɗe kansa kamar buhu. Mai aski ya riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce a kira 'yan kwana-kwana. Da ƙyar Fasto ya shiga ruwa ya kama tsattsewar a hula.

Elwood na haki ya ce, "A rubuta. Ƙudan ya yi aiki. Wannan zan kai ta a cusa mata auduga, in kafa a falo."

Harlan ya miƙe, ya gyara tabarau, ya tako har gindin allonsa, ya ɗora yatsa. Da muryar aji ya ce, "Elwood, karanta. Duk abin da aka kama. Ban ce duk kifin da aka kama ba. Na zaɓi kalmomina. Ko tsuntsu ne, ko kunkuru, ko kwaɗo, a mayar da shi inda ya fito da ransa. Doka ba ta da ɗan gida."

'Yan ƙungiya suka gyaɗa kai. Fasto ya zare ƙugiyar, ya buɗe hula, tsattsewa ta tashi. Aka yi tafi. Harlan ya koma kujerarsa yana kallon keji, yana kallon agogo.

Rana ta faɗa bayan dutse. Saura kaɗan fitila ta kama. Ƙwarin suka ƙaru har suna faɗa wa mutane a shayi, wasu suna sauka a kan keji, Sanata na miƙa baki ta tsakanin sanduna yana cafkewa. Na sa hannu na shafa bayansa.  Na tuna Amos yana zaune a kan kututture yana ba shi masara a tafin hannu yana cewa, "Ranka ya daɗe, me majalisa ta yanke yau?"

Elwood ya fito gefe, ya juye ruwan wando, ya ɗaura ƙudansa na ƙarshe, wanda ya yi da gashin Sanata. Ya dangwala masa kitse har yana ɗiga, ya koma cikin ruwa. Ya ce, "Jama'a, yanzu za a fara. Duk na baya ɗumama jiki ne."

Zoben ya dawo a gindin ginshiƙi. Elwood ya fara kaɗa igiya, baya da gaba, yana ƙara mata tsawo. Duk idanu na kan ruwa. Nawa na kan ƙofar keji, don Sanata ya jingina da ita yana bin wani ƙwaro, ƙullin da ko bijimi ba ya kwancewa kuwa ya zame kamar an roƙe shi. Ƙofa ta buɗe. Ya fito, ya girgiza jiki, ya tsaya a ciyawa.

Zan iya kama shi. Hannuna ma ya tashi. Sai na ga ƙudan Elwood ya wuce ta kan ciyawar, ƙasa-ƙasa, yana ƙamshin soyayyar masara, na ga Sanata ya karkata kai yana binsa da ido ɗaya. Na dubi allo. Na mayar da hannuna kan jaka.

Ƙuda ya tafi gaba. Ya dawo baya. Sanata ya yi tsalle.

Elwood ya ja sanda gaba da dukkan ƙarfinsa, sanda ta lanƙwashe, ya ji nauyi. Bai waiwaya ba. Ya ƙwala ihu, "Shi ne! Alƙali ne! Ku kawo raga! Harlan, yi bankwana da gorarka!"

Mai aski ya ce, "Elwood, igiyarka fa baya ta yi."

"Dabararsa ce! Tsohon kifi ne, ya zagaya!"

Sanata bai saba a ja shi ba. Ya buɗe fukafukai ya bi igiyar da gudu, ya tashi sama, ya sauka a tsakiyar kan Elwood, inda hula ta bari a fili. Suka ci gaba da daidaitawar da suka fara a akurki. Elwood ya ja da baya, ya taka ramin hagu karo na biyu. Wannan karon zakara ne kaɗai ya rage a saman ruwa, a tsaye a kan abin da ya fito na kan ƙanena, bai jiƙe ba ko kaɗan.

Verna ta ce, "Wannan shi ne busasshen ƙuda."

Maza uku suka jawo su. Ana cikin haka fitilar gada ta kama. Harlan ya tashi ya karkaɗe wando, ya miƙa hannu biyu ya ce, "To, lokaci ya cika. A miƙo mini zakarana."

Na riga shi. Na sa Sanata a hammata, na buɗe bakinsa, ga ƙugiya a gefen baki, ta zame ta fita ba ko jini. Na tako har gindin allo. Na sa yatsa a kalmar farko.

Na ce, "Malam Harlan, ka yi mini haƙuri, karatuna ba nisa. Duk... abin... da... aka... kama. Haka ne?"

"Uwargida, wannan ai..."

"Da ƙuda aka kama shi?"

Fasto ya ce, "Da ƙuda."

"Tsakanin gada da injin niƙa?"

Mai aski ya ce, "A idon kowa!"

"Kafin fitila ko bayan fitila?"

Gada gaba ɗaya ta amsa, "Kafin!"

Na ci gaba da bin allo da yatsa. "A mayar da shi inda ya fito. Da ransa. Ba mai tafiya da shi gida. Malam, daga akurkina ya fito."

Harlan ya ce, "Amma ni na ci! Nawa ne!"

"Naka ne. Ban ce ba naka ba ne. Kowane kifin da kuka kama a nan ma naku ne, na minti ɗaya. Ga shi, riƙe shi ka yaba ɗigon jikinsa. Verna, duba mana agogo."

Harlan ya juya wajen 'yan ƙungiyarsa. Kowa ya sami abin dubawa a takalminsa. Ya juya wajen Fasto. Fasto ya ce, "Harlan, kai ka zaɓi kalmominka."

Bai karɓi mintin ba.

Muna tafiya, wani gashi da ya fita daga wuyan Sanata a wajen kokawa ya bi ruwa har gindin ginshiƙi. Alƙali ya taso a hankali, ya duba, ya haɗiye. Elwood na zaune a bakin rafi cikin bargon matar Fasto, haƙoransa na kaɗawa, ya nuna da yatsa ya ce, "Kun gani? Na ce muku gashin daidai ne. Ƙugiya ce kawai babu."

Yanzu Harlan na zuwa duk Asabar da jakar masara, don mai zakara shi ke ciyar da abinsa. Na yarda ya tsinci gashin da ya faɗi ƙasa da kansa, ban da wanda ke jiki. Shara kuma tana kan Elwood, wannan ban janye ba. Allon gada an yi masa sabon fenti a sati na gaba, an sa KIFI a inda ABIN yake, amma doka ba ta komawa baya, na tambayi Fasto.

Elwood kuwa ya ari ma'aunin Verna ya auna Sanata. Laba takwas da rabi. Har yau yana zaune a shagon aski yana gaya wa baƙi cewa a tarihin rafin nan ba wanda ya taɓa kama abu mai nauyin haka da busasshen ƙuda. Na so in ƙaryata shi. Na bincika, gaskiya ce.